Bakin Tekun da Babu Kowa a Gwadalup

Mu huɗu muka tafi: ni, da maigidana Malam, da ƴaƴanmu mata biyu. Akwati biyar, kwana tara, da shagon da na damƙa wa ƙanwata makullinsa, karo na farko cikin shekara goma sha huɗu. Kafin mu tashi na zauna na duba abin da zan iya rasawa, kamar yadda nake yi in zan ɗauko kaya. Na ce ko doya ta ruɓe a bayana, ko masu saye su saba da shagon maƙwabci, ko akwati ya ɓata a jirgi. Ban sa ƴaƴana cikin abin da zai iya salwanta ba.

Tun da muka dawo Lyon, inda muke zaune a Faransa, duk wadda ta shigo shago sai ta ajiye kwandonta ta ce, "Hajiya Mariyama, yaya tekun?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma kowa na kai shi gaba da ƙari. Jiya wata ta tambaye ni wai da gaske ne kifi ya haɗiye Malam. Shi ya sa na rubuta, kowa ta karanta, a bar ni in yi awo.

Mafarin tafiyar Madam Lisiyan ce. Ƴar Gwadalup ce, tsibirin nan na Faransa da ke can gefen Amurka. Shekara da shekaru a wurinta nake sarin doya da agade da barkono a kasuwar Rungis ta kusa da Paris, tun ina zuwa da mota ta aro har na sayi tawa. Da ta tsufa ta koma gida, duk lokacin da muka yi waya sai ta ce, "Ke ba ki san hutu ba ne? Kawo mini yaran nan su ga rana." Bana, a hutun lekol, wato makarantar boko, na Fabrairu, sanyi ya ishe ni, na ce to.

Yaran su ne Nana, mai shekara goma sha bakwai, da Hasiya, mai tara. Nana ba sunanta ba ne. Ita ce ƴar fari, kuma sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, don haka kunya biyu ta hau kaina. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba. Ko a ofishin takardu in an tambaye ni, miƙa takarda nake yi in nuna da yatsa. Ita da ta tashi a Rillieux, unguwarmu ta gefen Lyon, abin dariya yake ba ta. Takan ce, "Mama, faɗi sau ɗaya mana in ji ko kin iya." In ce mata ta tashi ta ba ni wuri.

Daga gida muka ɗauki bis zuwa gar, wato tashar jirgi, muka hau jirgin ƙasa na Paris. Malam ne ya riƙe tikiti, ya zaunar da mu da cikakken tabbaci a kujerun wasu tsofaffin Turawa biyu, sai da suka zo suka tsaya a kanmu muka gane wagon ɗinmu yana can baya. Muka ja akwati biyar muna ba da haƙuri kujera kujera. A Paris kuma metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na sha uku ya karɓe mu da cunkoson da ya saba, har akwatin da ke da tukunyar shinkafata ya kusa wuce tasha ba tare da mu ba.

A Saint-Denis muka kwana, gidan yayana Alhaji Laminu. Da ya gama jin inda za mu, ya ajiye cokali ya dube ni.

"Mariyama, teku? Mu mutanen Damagaram da muka girma muna layin ruwa da tulu, me ya haɗa mu da ruwan da ba a ganin ƙarshensa?"

Malam ya ce, "Alhaji, kada ka damu. Ni a tafkin Madarumfa na koyi iyo."

"Yaushe rabonka da shi?"

"An ɗan jima."

"Shekara talatin," in ji ni. Aka yi dariya. Yaya ya bi mu da addu'a har bakin asansa, na'urar da ke saukar da mutane daga bene.

Washegari a filin jirgin sama na Orly ma'aikaciyar bincike ta buɗe jakar hannuna ta tarar da gwangwanin yaji. Ta buɗe, ta shinshina, ta yi atishawa uku a jere, abokin aikinta ya koma gefe yana dariya. Ta mayar mini da shi da hawaye a ido ta ce in tafi.

Awa takwas da wani abu muka yi a sama, ƙasa ba komai sai ruwa. Da muka sauka, Malam ya jera fasfo huɗu da katin zama a hannu, ya gyara hula, yana jiran layin iyaka. Muka yi ta tafiya har muka tsinci kanmu a waje cikin zafi, babu wanda ya buga mana hatimi. Daga Maradi zuwa Jibiya tafiyar awa guda ce, amma sai ka sauka an duba ka an sake dubawa. Nan mun ƙetare teku guda, wai har yanzu muna Faransa. Malam ya ji haushi kamar an hana shi wani haƙƙi.

Madam Lisiyan ta tarbe mu da rungumar da ta kusa karya ni. Ta sauke mu a wani ɗan gida na katako bayan nata, mai rufin kwano, da bishiyar mangwaro da kaji suna yawo. In ka rufe ido ka ji zakara da ƙamshin hayaƙi sai ka rantse kana gida. In ka buɗe sai ka ga kwalta sumul da akwatin wasiƙa irin na Lyon. Mutanen baƙaƙe ne kamar mu, jandarma baƙi, likita baƙa, amma in suka juya harshensu na Kiriyol ko kalma ɗaya ba na kamawa. Abin da ya fi burge ni gaisuwa. Ba a shiga shago ko bis ba a gaida kowa ba. Na manta sau ɗaya a gidan burodi, irin na mutanen Paris, wata tsohuwa ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Bonjour, Madame," da ƙarfi. Na ji kunyar da rabona da ita tun ina yarinya.

Abinci kuma ba mu sha wahala ba. Suna da ƙosai na kifi, ƙanana, masu barkono, Hasiya ta ci har ta kasa tashi. Suna miyar kuɓewa da ganye, suna cin doya, suna da wani burodi soyayye da ake cusa wa kifi a ciki. Sai dai alade yana shiga inda ba ka zata, don haka Madam Lisiyan ta zama mai gadinmu. Kafin mu miƙa hannu sai ta ce, "Wannan a'a, wannan e." Tukunyar shinkafar da na jawo tun daga Rillieux ko sau ɗaya ba a kunna ta ba.

Rana ta biyu ta kai mu bakin tekun da kowa ke zuwa. Ruwa kwance kamar a faranti, shuɗi, yara suna wasa a ciki, ga masu ceto a kan wata doguwar kujera da tuta koriya. Amma jama'a! Mutum a kan mutum, kuma abin da suka sa a jiki duka in an haɗa bai kai ɗankwalina ba. Malam ya kafa idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Ni da hijabi har gwiwa na zama abin kallo. Nana ta ce ba za ta shiga ruwa ana kallonta ba. Ko awa ba mu yi ba muka tattara.

A hanya na yanke shawara ni kaɗai. Tsibiri ne, ko'ina bakin ruwa ne. Me zai hana mu nemi inda babu kowa, mu shimfiɗa tabarma, yara su shiga da suturarsu, mu yi salla ba mai kallo? Ban gaya wa Madam Lisiyan ba, don kada ta ga kamar mun raina wurin da ta kai mu. Wannan kara da na yi mata ita ce kuskurena na farko.

Washegari muka ɗauki ƴar motar da muka yi haya, muka nufi ɗaya gefen tsibirin. Muka bi gonakin rake, muka sauka wata hanyar ƙasa, sai ga shi: farin rairayi mai tsawo, itatuwan kwakwa, iska mai daɗi, babu mutum ko ɗaya. Na ce, "Kun gani? Mutane duk sun tafi sun cushe wuri ɗaya sun bar mai kyan."

Ni ce na faɗi haka. Ni da in na shiga kasuwa na ga tebur cike da kaya masu kyau babu mai saye a gabansa, ba na taɓawa sai na tambayi dalili. Shekara ashirin ina aiki da wannan ƙa'ida, ranar nan na ajiye ta a mota.

Ashe akwai mutum ɗaya. Wani tsoho ne a ƙarƙashin itace yana gyaran kejin kamun kifi, ga ƙaramin kwalekwalensa an jawo shi can nesa da ruwa. Ya taso ya gaishe mu, ya nuna teku, ya ce da Faransanci mai nauyin Kiriyol, "Madam, yau ruwa ba kyau. Ba a wanka a nan. In kuna so in nuna muku wani wuri."

Na ji "in nuna muku wani wuri", na dubi kwalekwalen, na ce a raina na gane, yawon jirgi yake son sayar mana. Na yi masa murmushin da nake yi wa masu tallan da ba na so, na ce mun gode, ƙafa kawai za mu jiƙa. Ya ɗan tsaya, ya koma wurinsa. Na lura bai ci gaba da aikin ba, mu yake kallo. Har na ce wa Malam tsohon nan ya cika sa ido.

Igiyar ruwan tana tasowa ta faɗo da ƙara kamar ana sauke buhuna daga kamiyo, babbar motar kaya, amma tsakanin wata da wata sai wuri ya yi lif, ruwa ya zo ya lashi ƙafa ya koma. Hasiya ta shiga iya gwiwa tana ihun murna. Malam ya naɗe wando ya bi ta, ya juya wa teku baya yana ce mini in ɗauke su hoto. Ina ɗaga waya na ga wata igiya da ta fi duk na baya ta miƙe a bayansu. Kafin in buɗe baki ta rufe su.

Da ruwan ya janye, na ga Malam a kwance yana birgima, hannunsa ɗaya riƙe da rigar Hasiya, ruwa na jan su ƙasa kamar ana jan tabarma. Na jefar da waya na ruga na kama ƙafarsa. Muka rarrafo mu uku, Hasiya na tari tana kuka, bakin Malam cike da rairayi, babu hula babu tabarau. A ruwa iya gwiwa ke nan.

Na ɗago in ce wa Nana ta zo ta kama ƙanwarta. Babu Nana a kan tabarma.

Ita ta iya iyo, a fisin, kwamin iyo na lekol, ta koya, har da takardar shaida. Da ta ga inda muke akwai igiya, sai ta matsa gaba inda ruwan ya yi duhu ya kwanta, babu kumfa, ta ce nan ne mai sauƙi. Daga baya aka bayyana mini cewa wurin nan da ya fi kama da lafiya shi ne hanyar da duk ruwan da igiya ta kawo yake komawa cikin teku, kamar kwata bayan ruwan sama. Ga ta da doguwar riga da wando da hijabi, duk sun sha ruwa. Lokacin da na hango ta, kanta ya zama ɗan baƙin abu, tana ta bugun ruwa tana son dawowa kai tsaye, ruwa na mayar da ita baya.

Malam ya yunƙura zai faɗa. Tsohon nan, ban san lokacin da ya iso ba, ya cafke shi a ƙirji ya tura shi ƙasa. "In ka shiga, biyu zan nema!" Yana riƙe da doguwar igiyar ɗauri da wata farar jarka da aka ɗaure a bakinta. Ya yi ta kaɗa hannu yana nuna gefe, yana ihu, amma muryarsa ta tsufa, iska na kwashewa. Ya juyo gare ni.

"Kira ta! Ta daina faɗa da ruwan, ta bi gefe, can inda kumfa take. Kira ta, Madam!"

Murya dai ina da ita, kasuwa ta ba ni. Na ce, "Nana!" Ba ta juyo ba. Na sake, na sake. Ta nutse ta ɓullo, ba ta kallon kowa, tsoro ya rufe mata kunne.

Sai na kira sunan. Na ainihi, cikakke, na mahaifiyar Malam, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, har na ji wani abu ya yage a maƙogwarona.

Ta tsaya cak, ta juyo. Na nuna mata gefe da hannu biyu ina cewa, "Bi nan! Kada ki zo wurina! Cire hijabin!" Ta fizge shi ta yar. Ta kwanta a bayanta ta ɗan huta, ruwan ya ƙara tafiya da ita. Sannan ta fara iyo a gicciye, a hankali. Tsohon ya bi ta ta bakin ruwa da gudu, mu muna bin sa. Da ta kai inda igiya ke karyewa, ruwan da kansa ya fara turo ta waje. Ya shiga iya ƙugu ya wurga jarkar, ta kama a jifa na biyu, muka ja mu uku.

Ta yi amai, ta yi kuka, na yi, Malam ya yi sujada a kan rairayi da wando ɗaya a naɗe. Tsohon, Misye Feliks sunansa, ya ce mu kai ta wurin likita ko da ta ce lafiya take, don ruwan da ya shiga ƙirji yakan tashi daga baya. Na kama hannunsa na ce ya yafe mini, na ɗauka ciniki yake nema. Ya ce, "Na sani. Ai shi ya sa ban tafi gida ba."

Likita ta duba Nana da Hasiya ta sallame mu da yamma. A mota sai Nana daga baya, da muryar da ta sha gishiri:

"Mama."

"Na'am."

"Da na ji sunan nan a bakinki, wallahi na ɗauka na riga na mutu. Na ce a duniya dai Mama ba za ta faɗa ba."

Malam ya fara dariya har ya tsayar da mota a gefen rake. Hasiya ta ce ita ba ta ji da kyau ba, in maimaita. Na ce duk wanda ya sake magana a ƙafa zai koma.

Madam Lisiyan ba ta yi dariya ba. Ta zage ni da Faransanci, da ya ƙare ta koma Kiriyol. "Ke da ko tumatir ba kya saye sai kin juya shi! Kin ga wuri babu ɗan gari ko ɗaya, ba ki tambayi kanki ba? A watannin nan ruwan wancan gefen ko mazanmu ba sa wasa da shi. Me kike nema a can?"

Na gaya mata gaskiya, sutura muke nema. Ta ce, "To ki faɗa mana. Gobe ku shirya da sassafe."

Tun hantsi bai yi ba ta mayar da mu bakin ruwan farko, mai kwanciyar nan, wanda duwatsun cikin teku suka tare wa igiya daga nesa. Masu tsiraicin duk suna barci. Waɗanda ke cikin ruwan tsofaffin gari ne, mata da riguna har gwiwa da hulunan kaba, sun tsaya iya ƙirji a da'ira suna hira kamar a gidan suna. Kullum haka suke yi kafin rana ta yi zafi. Babu wadda ta kalli hijabina. Ɗaya ta miƙo hannu ta kira ni da kalmarsu ta ƙauna, ta ce, "Zo, doudou, ruwan yana maganin gwiwa." Ni Mariyama ƴar Damagaram na shiga teku har ƙugu, na zauna, ana ba ni labarin surukai da tsadar kifi. Nana ta daɗe a bakin ruwa tana kallo kafin ta shigo, da rigar iyo mai dogon hannu mara nauyi da Madam Lisiyan ta samo mata. Ba wanda ya matsa mata. Da masu ceto suka zo suka ɗaga tuta, Hasiya ta je ta tambaye su ma'anar kowace kala, ta dawo tana yi mana darasi. Malam kuwa iya idon sawu ya tsaya, fuskarsa na kallon teku, bai sake ambaton Madarumfa ba.

Haka muka yi sauran kwanakin, kowace safiya. Ranar da za mu taho muka koma wurin Misye Feliks da gwangwanin yajin nan da kilishi. Ya ɗanɗana, ya yi tari, ya ce lallai mutanen da ke cin wannan ba sa jin magana.

Ga abin da tafiyar ta ci. Wayata, da hoton da ban ɗauka ba. Hular Malam da tabaransa, da sunansa na gwanin iyo. Hijabi ɗaya. Doya kwali biyu da ta ruɓe a hannun ƙanwata, kamar yadda na zata. Da kunyar shekara goma sha bakwai, wadda na kashe a numfashi ɗaya, kuma yanzu duk gidan sun san na iya faɗin sunan.

Abin da na dawo da shi: mu huɗu muka tafi, mu huɗu muka sauka a Orly. Yaya Laminu da ya zo tarbarmu sai da ya ƙirga mu da yatsa.

Nana ta karanta wannan kafin in ba kowa. Ta ce labarin bai cika ba tunda ban rubuta sunan ba. Na ce mata sau ɗaya aka biya, kuma an karɓi kaya.